Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mambobin Kwamitin Majalisa kan Al'amuran Tsoffin Sojoji, Kafin Zamanku na Farko

Masu girma 'yan majalisa,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina taya ku murnar samun kujera a wannan kwamiti, tare da addu'ar Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da aka ɗora muku. Na ga ya dace in rubuto muku tun yanzu, kafin akawun kwamiti ya kira zamanku na farko, domin abin da nake son in roƙe ku a kansa a wannan zaman za a gama shi, zaman da sau da yawa ba ya kai sa'a guda, wanda kuma 'yan jarida ba su cika halarta ba. A cikinsa ne za ku zaɓi shugaba da mataimakansa, ku amince da ƙa'idojin da za ku yi aiki da su, ku raba wa kanku lokacin magana, sannan ku tashi. Da yawa daga cikinku za su ɗauke shi share fage kawai kafin a shiga ainihin aiki. Ni kuwa a ganina, a wannan ɗan lokacin ne ake yanke ko tsohon soja zai samu ƙofar shiga majalisa a shekaru masu zuwa, ko zai ci gaba da tsayuwa a waje yana rungume da takardunsa.

Ni ɗan tsohon soja ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara ashirin da biyu yana sanye da kaki a rukunin masu harba igwa, ya dawo gida kunnensa na hagu a toshe, na dama ma sai an ɗaga murya. Yana da wani fayil mai ruwan ƙasa da yake naɗewa cikin leda don kada ruwa ya taɓa shi. A ciki akwai takardar sallamarsa, da hoton ranar da aka ɗauke shi aiki, da takardun likita guda uku, da kwafin wasiƙun da ya yi ta rubutawa yana neman a ƙara masa kuɗin naƙasa. Tun ina ɗan sakandare nake raka shi ofis-ofis, domin ni ne kunnensa. Idan ma'aikaci ya yi masa tambaya, yakan yi shiru yana kallon leɓɓan mai maganar har sai ya gane abin da aka ce, sannan ya ɗauko amsa tun daga shekarar da ya shiga soja, saboda a wurinsa daga nan labarin ya fara, kuma ba ya yarda ya tsallake wani yanki nasa. Kafin ya iso kan maganar kunnen, an riga an kira na bayansa. Har ya koma ga Mahaliccinsa, babu ofishin hukuma ko guda da aka saurari labarin nan har ƙarshe. Duk abin da zan faɗa muku a nan game da ƙuri'a da mintuna da ƙa'idoji, shi nake kallo ina faɗa.

Wahala ce ta koya wa majalisu su ware wa 'yan mazan jiya kwamiti nasu na kansu. A Amurka, kafin gyaran tsarin majalisa na 1946, al'amuran tsoffin sojoji a Majalisar Wakilai a warwatse suke, wannan kwamiti yana riƙe da fansho, wancan yana riƙe da dokokin waɗanda suka yi yaƙin duniya na ɗaya, sai a 1947 aka tattara su wuri guda, Majalisar Dattawa kuwa ba ta samu nata ba sai 1971. A Kanada sai 2006 aka raba kwamitin tsoffin sojoji da na tsaro, kuma ina ganin an yi daidai, domin idan aka ɗora maganar sayen jiragen yaƙi da maganar keken guragu a tebur ɗaya, ta jiragen ce za ta cinye ranar. An kuma ga abin da ke biyo baya idan tsohon soja ya rasa inda zai kai kukansa. A 1932 dubban tsoffin sojojin Amurka suka kafa bukkoki a babban birnin ƙasar suna neman a biya su kuɗin da dokar 1924 ta ce sai 1945 za su karɓa, ranar 28 ga Yuli aka turo sojoji masu ci suka kore su, aka ƙona bukkokin, sai a 1936 majalisa ta amince a biya. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 kuma, a birnin Akra na ƙasar Ghana ta yau, lokacin mulkin mallakar Birtaniya, tsoffin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu suka nufi fadar gwamna da takardar koke a kan fansho da alƙawuran da ba a cika ba, aka harbe uku daga cikinsu a mararraba. Takarda ce kawai suke ɗauke da ita, irin wadda kwamitinku zai riƙa karɓa kowane mako.

Bari in fara da zaɓen shugaba, tunda shi ne abu na farko a takardar zamanku. Majalisun duniya ba hanya ɗaya suka bi a kan wannan ba. A Majalisar Wakilan Kanada, akawun kwamiti ne ke jagorantar zaman farko, kuma ikonsa bai wuce karɓar sunayen 'yan takara ba: ba ya karɓar wani ƙuduri dabam, ba ya yanke hukunci a kan ƙorafin karya ƙa'ida, ba ya sa baki a muhawara. Dokar majalisar ta tanadi cewa shugaban kwamitin tsoffin sojoji ya fito daga jam'iyya mai mulki, mataimaki na farko daga babbar jam'iyyar adawa, na biyu daga wata jam'iyyar adawar dabam, kuma tun 2002, idan 'yan takara sun wuce ɗaya, da ƙuri'ar sirri ake raba gardama. A Birtaniya an ƙara gaba. Tun 2010, majalisar gaba ɗayanta ce ke zaɓen shugabannin akasarin kwamitocin sa ido a asirce, har da na tsaro wanda ke duba al'amuran tsoffin sojoji, bayan an raba kujerun shugabancin tsakanin jam'iyyu gwargwadon ƙarfinsu. A Amurka kuwa jam'iyya mai rinjaye ce ke tsayar da shugaba a cikin gidanta, zauren majalisa ya amince, marasa rinjaye su ma su tsayar da jagoransu a kwamitin.

A cikin hanyoyin nan uku, hankalina ya fi kwanciya da ta Birtaniya, kuma dalilina guda ne: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shugaban da bulaliyar jam'iyya ta ɗora a kujera ya san wanda ya ɗora shi, ya kuma san wanda zai iya sauke shi, saboda haka ranar da ministan jam'iyyarsa ya zauna a gabansa yana kame-kame a kan dalilin da ya sa fansho ya maƙale wata da watanni, harshensa zai yi nauyi. Wanda abokan aikinsa na kowane ɓangare suka zaɓa cikin sirri kuwa, majalisa ce ke binsa bashi, ita kuma zai biya. Na san dokokin zauren majalisa sun fi ƙarfin kwamiti, kuma ko a inda aka tanadi ƙuri'ar sirri, galibi suna ɗaya ake kawowa wanda an riga an daidaita a kansa a bayan fage, a tafa, a wuce. Duk da haka akwai abin da ke hannunku. Ku nemi wanda aka gabatar, ko kafin ƙuri'a ko da zarar ya hau kujera, ya yi muku bayani na minti goma a bainar jama'a, a kuma rubuta shi a kundin zaman: me ya sani game da rayuwar tsoffin sojoji, wane asibitinsu ya taɓa shiga da ƙafarsa, wane aiki yake son kwamitin ya kammala kafin wa'adinsa ya cika, kuma shin shi ko wani nasa yana da kwangila da ma'aikatar da zai sa wa ido. Tambayar nan ta ƙarshe ta hau kan kowannenku, kuma amsa ta a rana ta farko ya fi sauƙi a kan amsa ta ranar da jarida ta tono.

Akwai wata shawara mai kyawun fuska da za a kawo muku, a ce tunda kwamitin na sojoji ne, a ba tsohon janar ko kanar ɗin da ke cikinku shugabanci. Ba na raina wannan. Sonny Montgomery, wanda ya shugabanci kwamitin Majalisar Wakilan Amurka daga 1981 zuwa 1995, tsohon janar ne, kuma dokar tallafin karatu ta 1984 da ke ɗauke da sunansa ta kai sojoji masu yawa makaranta. Sai dai ina so ku san wani abu game da muƙami, wanda ba ya barin jikin soja ko bayan ya tuɓe kaki. Na taɓa ganin mahaifina ya haɗu da tsohon kwamandansa a wani taro, shekaru da yawa bayan dukansu sun bar aiki. Tsohon nan da ke dogara sanda ya miƙe ƙyam, ya manna hannuwansa a cinya, da aka tambaye shi jiki ya ce, "Lafiya lau, yallaɓai," alhali a makon nan ko kuɗin maganinsa bai haɗa ba. Saje ko kofur mai ritaya da ya zo ya faɗi cewa wani hafsa ne ya ƙi sa hannu a takardar rauninsa, zai yi wuya ya faɗe ta idan janar ne a kan kujera, sai dai in janar ɗin ya san da wannan ya kuma yi aiki tuƙuru don kawar da shi. A ɗaya gefen kuma ga Edith Nourse Rogers, wadda ta shugabanci kwamitin a 1947, ta sake shugabantarsa a 1953. Ba ta taɓa riƙe bindiga a fagen fama ba, amma ta yi jinyar sojoji masu rauni tun lokacin yaƙin duniya na ɗaya, ta zagaya asibitocinsu tana duba halin da suke ciki a madadin shugaban ƙasa, tana kuma cikin waɗanda suka tsaya wa babbar dokar tallafa wa tsoffin sojoji ta 1944. Abin da za ku nema a wurin shugaba shi ne haƙurin sauraro, da ƙarfin halin cewa minista, "Ranka ya daɗe, ba ka amsa tambayar ba."

Sai maganar 'yan adawa. Ba mataimakin shugaba kujera a gefen dama ba tare da wani iko ba bai wuce ado ba. Ku rubuta masa haƙƙinsa baƙi da fari tun rana ta farko, lokacin da ba a fara rigima ba, kowa kuma yana iya tunanin cewa gobe shi ne zai koma ɓangaren adawa. A Kanada mambobi huɗu na iya sa hannu a takarda su tilasta wa shugaba ya kira zama cikin kwana biyar. A Majalisar Wakilan Amurka marasa rinjaye na da haƙƙin kiran shaidunsu na aƙalla yini guda a kan duk batun da ake sauraro. A Jamus tsarin mulki ne da kansa ya ce idan kashi ɗaya cikin huɗu na mambobin kwamitin tsaro suka nema, wajibi ne kwamitin ya binciki al'amarin. Duka ukun manufarsu ɗaya, wato kada shugaba shi kaɗai ya iya rufe magana ta hanyar ƙin kiran zama.

Amfanin irin wannan tsari ya fito fili a 2014, lokacin da ta bayyana cewa a asibitin tsoffin sojoji da ke birnin Finiks na jihar Arizona ta Amurka ana ɓoye ainihin tsawon lokacin da marasa lafiya ke jiran ganin likita, ana nuna wa manya alƙaluma masu daɗi alhali akwai wani jerin sunaye a ɓoye, wasu ma sun rasu suna kan layi. Kwamitin Majalisar Wakilai a ƙarƙashin Jeff Miller, wanda ba jam'iyyarsa ɗaya da shugaban ƙasa ba, ya matsa lamba, ya aika sammaci a kawo takardu da saƙonni. Ranar 30 ga Mayu sakataren ma'aikatar tsoffin sojoji, Eric Shinseki, tsohon janar mai tauraro huɗu, ya ajiye aiki. A Majalisar Dattawa shugaban kwamiti Bernie Sanders ya zauna da John McCain na ɗaya ɓangaren suka daidaita, a watan Agusta aka sa hannu a dokar da ta ba wanda ya jira fiye da kwana 30, ko yake zaune fiye da mil 40 daga asibitin hukuma, damar ganin likita a waje. Ikon sammacin nan da aka yi aiki da shi yana rubuce cikin ƙa'idoji tun kafin kowa ya ji labarin Finiks. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wato ƙananan ƙa'idojin da akawu zai karanto muku ɗaya bayan ɗaya ku ce kun amince, galibi waɗanda aka gada daga kwamitin da ya gabata ba tare da an canja ko harafi ba. Ta farko ita ce ta lokacin magana. A kwamitocin Kanada a 'yan shekarun nan, mai ba da shaida yana samun minti biyar na buɗe baki, kowace jam'iyya kuma minti shida a zagayen farko na tambayoyi, a Amurka ma minti biyar ne ga kowane mamba. Minti biyar sun ishi babban sakataren ma'aikata, wanda ya zo da jawabi a rubuce da mataimaka a bayansa suna miƙo masa alƙaluma. Ba su ishi mutum irin mahaifina ba, ba su ishi wanda nakiya ta tashi da motarsu ya kwana cikin gawarwakin abokansa ba, wanda idan ya zo daidai nan a labarinsa sai muryarsa ta sarƙe, ya buƙaci ya sha ruwa ya yi shiru. Idan a daidai wannan shirun ne shugaba ya dubi agogo ya ce lokaci ya cika, to kun maimaita masa abin da kowane ofis ya yi masa, sai dai wannan karon a gaban kyamara. Ina roƙonku ku raba masu ba da shaida gida biyu a cikin ƙa'idar. Jami'an gwamnati da shugabannin ƙungiyoyi su tsaya a minti biyar ɗinsu. Tsohon soja ko matarsa ko marayansa da suka zo da labarin kansu a ba su aƙalla ninki uku, a tsayar da agogo duk lokacin da suke jiran tafinta ko suke tattara hankalinsu, a kuma yarda wani nasu ya zauna kusa da su. Ku kuma ɗaure kanku da wata ƙa'idar, cewa mamba ba zai cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa yana gabatarwa ba, domin na sha ganin ɗan majalisa ya kwashe mintunansa yana yabon sadaukarwar sojoji, tsohon sojan da ke gabansa kuwa bai samu ya ce uffan ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Sauran ƙa'idojin ma kowace da mutumin da take taɓawa. Kwamitocin Kanada ba sa raba wa mambobi takarda sai an same ta da Turanci da Faransanci, suna kuma biyan kuɗin tafiya da masauki na masu ba da shaida, yawanci har mutum biyu daga ƙungiya ɗaya. Ku ɗauki ruhin wannan ku faɗaɗa shi: tsohon soja ya yi magana da harshen da yake tunani da shi, a tanadi tafinta har da na kurame, wanda bai iya rubutu ba a karɓi kokensa da baki a naɗa, kuɗin tafiyar kuma a ba shi kafin ya taso, tare da na mai tura masa keke, domin wanda fanshonsa ya maƙale ba shi da abin da zai kashe ya jira a biya shi. Akwai kuma batun adadin mambobin da sai sun hallara zama ke yiwuwa. Babu cin fuskar da ya kai mutum ya yi tafiyar kwana biyu a ce masa an ɗage zama saboda mambobi ba su cika ba. Ku yi tanadin da zai ba mambobi kaɗan damar karɓar shaida matuƙar akwai ɗan gwamnati da ɗan adawa a cikinsu, sannan ku riƙa wallafa sunayen waɗanda suka halarci kowane zama, domin jama'a su san wanda ya karɓi kujerar don aiki da wanda ya karɓe ta don suna.

Zaman sirri kuwa wuƙa ce mai baki biyu, kuma ya kamata ku fayyace tun yanzu wa aka yi shi domin ya kare. Akwai shaidar da ba za a taɓa bayarwa a bainar jama'a ba: macen da aka ci wa zarafi a bariki, mutumin da ke fama da ciwon da yaƙi ya bar masa a ƙwaƙwalwa, uwar da ɗanta ya dawo lafiya daga fagen daga amma ya kashe kansa a gida. Hukumar bincike ta musamman da Ostireliya ta kafa a 2021 a kan kashe kai tsakanin sojoji da tsoffin sojoji, wadda ta miƙa rahotonta na ƙarshe a Satumbar 2024 da shawarwari 122, ta tanadi zama na keɓe ga irin waɗannan mutane, tare da masu kwantar musu da hankali. A Birtaniya, lokacin da ƙaramin kwamitin da Sarah Atherton ta jagoranta, wadda ita ma ta yi aikin soja, ya binciki halin da mata ke ciki a rundunar, sai da aka ɗage takunkumin da ke hana sojoji masu ci magana da majalisa, mata fiye da 4,000 suka ba da bayani kafin rahoton ya fito a 2021. Wannan shi ne sirrin da ya halatta, sirrin da ke kare mai rauni. Amma a kori 'yan kallo a rufe ƙofa domin a kashe ƙudurin gayyato minista ba tare da an san wanda ya kashe shi ba, wannan ha'inci ne. Ku lissafa dalilan da za su sa a shiga zaman sirri, ku taƙaita su, ku kuma tanadi cewa duk ƙuri'ar da aka kaɗa a ciki za a bayyana sakamakonta.

Za kuma ku kafa ƙaramin kwamitin tsara ajanda, wanda galibi ya ƙunshi shugaba da mataimakansa da wasu kaɗan. A nan ne batutuwa ke mutuwa ba tare da an yi musu jana'iza ba, saboda haka ku sa kowace jam'iyya ta samu wakili a cikinsa, shawarwarinsa kuma su dawo gaban cikakken kwamiti, har da jerin abin da aka ƙi da dalilin ƙin. Tambaya ta farko da nake so ya ɗauka ita ce wane ne tsohon soja a idon doka, domin a wannan fassarar ake zubar da mutane. Faransa ta daskarar da fanshon sojojin da suka yi mata yaƙi daga ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka da dokar 1959, suka yi ta karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na abokan yaƙinsu Faransawa, sai a 2010 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce hakan ya saɓa wa daidaito, bayan mafi yawansu sun kwanta dama. Ku duba matan da mazansu suka rasu, da sojojin wucin gadi, da waɗanda aka sallama saboda ciwo kafin su cika shekarun fansho. Game da yawan ƙananan kwamitoci ba zan ja magana ba. Na Majalisar Wakilan Amurka yana da na lafiya, da na kuɗin naƙasa, da na samun abin yi, da na sabunta fasaha, da na sa ido da bincike, amma kwamiti mai mambobi kaɗan idan ya tsattsaga kansa haka zai rasa masu zama. Na sa ido da bincike ne kawai nake ganin ba makawa sai da shi.

Kwamiti kuma ba ya wuce ƙarfin ma'aikatansa. Ma'aikatar da za ku sa wa ido tana da ɗaruruwan jami'ai da suka shekara suna aikin, ku kuwa wasunku bana ne za su fara jin yadda ake lissafin kuɗin naƙasa. A Kanada ɗakin karatu na majalisa ne ke ba kowane kwamiti masu bincike da ba ruwansu da jam'iyya, a Amurka kuma ana ware wa marasa rinjaye kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata. Ku nemi naku tun rana ta farko, ku kuma buɗe rajistar koke, inda kowace takarda za ta samu lamba da ranar shigowa da sunan wanda ke bibiyarta, domin idan koke ɗari suka zo a kan ofis guda, rajistar ce za ta nuna muku inda za ku fara bincike. Rahotanninku ma kada su ƙare a ajiye a kan kanta. Gwamnatin Kanada na da kwana 120 ta mayar da martani idan kwamiti ya nema, ta Birtaniya kuma an saba wata biyu. Ku tsayar da naku wa'adin, ku ƙara da cewa bayan shekara guda za ku sake gayyato minista ku bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya, sannan ku nemi akawu ya ɗauko muku rahotannin kwamitin da ya gabace ku, ku ga nawa ne aka aiwatar, tun kafin ku fara sabon bincike a kan abin da an riga an bincika.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne. Ku yi zamanku na farko ƙofa a buɗe, ku wallafa ƙa'idojin da kuka amince da su cikin mako guda da harshen da tsohon soja zai iya karantawa ko a karanta masa, tare da bayanin yadda ake neman ba da shaida da inda ake kai takarda. In Allah ya kai mu ranar, zan kasance a kujerun 'yan kallo. Fayil ɗin mahaifina yana wurina, yana nan cikin ledarsa, haƙƙin da ya yi ta nema kuma yanzu ya koma kan mahaifiyata, wadda ƙafa ba ta barinta ta yi doguwar tafiya. Ranar da kuka buɗe rajistar koke zan kawo shi a madadinta, in karɓi lamba.

Na gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Ɗan wani tsohon soja